Waiwaye: Wane Faifan Les Misérables Ne Na Asali?

Tun da fim ɗin Les Misérables ya fito a ƙarshen 2012, masoya wannan wasa suke ta ja-in-ja a kan wane faifai ne ya fi. Wasu na cewa muryoyin fim ɗin ba su kama ƙafar na 'yan dandamali ba, wasu ba su da abin ji sai bikin waƙar da aka yi a Landan a 1995, matasa kuma sun fi sanin na 2010. Kowa ya ɗauko nasa sai ya ce shi ne na asali. Wanda ya tsinci gardamar a tsakiya zai zaci fim ne ya kunna ta, alhali ta girme shi da shekara 25.

Ga wanda bai saba ba, wannan wasan kwaikwayo ne na dandamali da ake rera labarinsa daga farko har ƙarshe, da ƙyar za ka ji maganar baki zalla. Al'adar da ta kafu a Amurka tun 1943, lokacin da aka fitar da faifan Oklahoma!, ita ce idan wasa ya karɓu a kwashi 'yan wasan farko a kai su ɗakin naɗar sauti, don wanda bai samu zuwa kallo ba ya saya ya ji a gida.

Farkon labarin sananne ne. Victor Hugo ya fitar da littafinsa a 1862, a kan Jean Valjean da satar burodi ta jefa shi kurkuku har ya shekara 19, da ɗan sanda Javert da ya ƙi sakar masa mara bayan ya fito. A 1980 Alain Boublil da Claude-Michel Schönberg suka mai da shi waƙa da Faransanci, kuma faifai suka fara fitarwa kafin a hau dandamali a Faris cikin Satumba. Wata uku aka yi aka rufe. Faifan ya kai kunnen mai shirya wasanni Cameron Mackintosh a Ingila, Herbert Kretzmer ya rubuta baitukan Turanci, aka buɗe a gidan wasa na Barbican ranar 8 ga Oktoba 1985. Masu sharhi a jaridu ba su yaba ba, jama'a kuwa suka yi ta tururuwa.

Abin da ake tsallakewa shi ne ɗan tsakanin nan daga ƙarshen 1985 zuwa Maris 1987, lokacin da wasan ya buɗe a Brodwe, unguwar gidajen wasa ta Niyok, bayan ya biya ta Washintan. A nan gardamar ta samo tushe. An naɗi faifan Landan wasan bai gama zama ba, ana kan yi masa kwaskwarima. Kafin a kai ga faifan Amurka an rage nan, an ƙara can, an sauya wa wasu waƙoƙi mazauni. Ga shi kuma Colm Wilkinson ne Valjean a duka biyun, Frances Ruffelle ce Eponine, budurwar da ke son ɗalibi Marius, a duka biyun, tazarar ba ta cika shekara 2 ba. Muryoyi ɗaya, amma ba wasa ɗaya suke rerawa ba.

A duba waƙar Javert mai suna Stars. A faifan Landan, Roger Allam yana rera ta tun kafin labari ya shiga titunan Faris, kuma yana sauke ta a hankali, kamar mutum mai tunani shi kaɗai cikin dare. A faifan Amurka an matsar da ita zuwa bayan Valjean ya sake zille masa a tsakiyar birni, aka kuma ƙara mata rantsuwa a ƙarshe, wadda Terrence Mann ke ɗaga murya ya kai ta ƙololuwa. Na farko mutum ne da ya yarda da tsarinsa har zuci. Na biyu mutum ne da aka ɓata wa rai yanzu-yanzu. Idan mutum biyu suka zauna suna musu a kan wanda ya fi iya Javert, sau da yawa ba muryar suke aunawa ba, rubutun ne da wurin da aka ajiye shi.

Haka yaron titi Gavroche. A Landan yana da waƙarsa cikakkiya, mai raha da tsalle, Little People. Daga baya aka datse ta ta koma 'yan layuka da yake jefawa lokacin da ya tona asirin Javert a shingen 'yan tawaye, da kuma lokacin da ake harbinsa yana tsintar harsasai. Ni dai ina ganin datsewar ta yi wa wasan amfani, don raha a wurin tana sanyaya labari daidai lokacin da ya kamata ya ɗau zafi. Amma wanda ya tashi da faifan Landan a gidansu, har gobe jira yake yaron ya ci gaba. Cosette, yarinyar da Valjean ya raina, ita ma tana da wata gajeruwar waƙa ta ganin Marius karon farko, wadda aka cire gaba ɗaya. Ke nan faifan da ke ɗauke da sunan na farko ya adana wasan da aka daina yi ba da jimawa ba.

Kuma ko shi ba farko ba ne. A faifan Faransanci na 1980, karin waƙar da duniya ta sani a bakin Eponine na Fantine ne, mahaifiyar Cosette, addu'ar Valjean kuwa, Bring Him Home, babu ita sam. A Landan aka tsara ta daidai da muryar Wilkinson. Da wasan ya koma Faris a 1991, baitukan Faransancin ma sai da aka sake su don su bi tsarin Ingila. Mai sauraron makaɗan gargajiya ya san wannan: waƙa ɗaya a kaset biyu ba ta zuwa daidai, kuma wadda ka fara ji ita ce ke zama ma'auninka.

Akwai kuma matsalar wuri. Wasan ya kusa awa 3, faifai biyu ba sa ɗauka, don haka na Landan da na Amurka duk an yi musu gibi, kuma ba gibi iri ɗaya ba. An so a toshe wannan a 1988 da faifai uku da suka kwashe kusan komai, da babbar ƙungiyar makaɗa ta Philharmonia. Sai dai 'yan wasan ba su taɓa haɗuwa gaba ɗayansu a dandamali ɗaya ba: Gary Morris daga Amurka, Philip Quast daga Ostireliya, Kaho Shimada daga Japan, aka naɗi sassa a garuruwa dabam-dabam aka haɗa. Ya fi kowa cika, amma wasu kunnuwa na jin rashin sabon da ke tsakanin mawaƙan. Shi da na Amurka kowanne ya ci kyautar Grammy, abin da bai raba gardamar ba.

Bikin cika shekara 10 a Royal Albert Hall ya haɗa Wilkinson da Quast da Lea Salonga, a tsaye gaban makirufo, an taƙaita wasu sassa. Na shekara 25 a zauren O2 na Landan ya zo da Alfie Boe da sabon tsarin kiɗa, wanda ya rage ƙarar fiyanon lantarki irin ta shekarun 1980 da ta cika faifan Landan. Fim ɗin 2012 ya sa 'yan wasa rerawa kai tsaye gaban kyamara, ya ƙara sabuwar waƙa, ya kuma jinkirta waƙar Fantine zuwa bayan ta sayar da gashinta ta faɗa karuwanci, har Anne Hathaway ta ci kyautar Oscar da ita. Masu kukan an sauya mata wuri suna da hujjarsu, amma irin matsarwar da aka yi wa waƙar Javert ce tun kafin 1987.

A 2019 aka yi ban kwana da tsohon tsarin dandamalin Landan mai juyawa, aka kawo sabo a gidan wasan da yanzu ake kira Sondheim. Wanda ya sayi tikiti a can yau, abin da zai gani da wanda zai ji bai yi daidai da ko ɗaya daga cikin faifan shekarun 1980 ba.