Waiwaye: William Miller da gwagwarmayar raba jinyar shaye-shaye da tsawa

A Amurka ta shekarun 1960 da 1970, wanda aka kai gidan jinyar shaye-shaye yakan fara cin karo ne da tsawa. Ra'ayin da ya yi kane-kane a lokacin shi ne, mashayi maƙaryaci ne mai taurin kai, ba zai taɓa yarda yana da matsala ba sai an karya masa lago. Ƙungiyar Synanon da Charles Dederich ya kafa a Kaliforniya a 1958 ita ta kai abin maƙura: a zauna a da'ira, a sa mutum ɗaya a gaba, a yi ta zazzaga masa baƙar magana har sai ya karaya. Wurare da yawa sun ɗauki salon, ko da an ɗan sassauta. In majinyaci ya gudu ko ya koma ruwa, sai a ce ai dama bai shirya ba.

William Miller ya shigo wannan fage a 1973 yana ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam, aka tura shi sanin makamar aiki a sashen masu shan barasa na asibitin tsofaffin sojoji da ke Milwaukee. Bai san komai game da shaye-shaye ba, don haka sai ya yi abin da ya iya: ya zauna ya kasa kunne, irin sauraron da masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers ya koyar. Mutanen da ya tarar ba su yi kama da waɗanda littattafai suka siffanta ba. Suna buɗe masa ciki, suna faɗin abin da giya ta ci musu ba tare da an matsa musu ba.

Ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Oregon a 1976, ya kama aiki a Jami'ar New Mexico da ke Albuquerque. Wani bincikensa na 1980 ya ba shi mamaki. Masu ba da shawara tara ne suka yi amfani da hanyar jinya iri ɗaya, amma sakamakon majinyatansu ya sha bamban. Da aka duba, yadda kowannensu ke sauraro da nuna ya fahimci mai magana shi ne ya yi bayanin kusan kashi biyu bisa uku na wannan bambanci bayan wata shida. Wani binciken na 1993 ya nuna ɗaya ɓangaren: iya yawan jayayyar da mai ba da shawara ya yi da majinyaci, iya yawan giyar da majinyacin ke sha bayan shekara guda.

Amma inda abin ya samu suna da tsari shi ne Norway. A 1982 Miller ya je hutun bincike a asibitin Hjellestad kusa da birnin Bergen, yana zama da wasu matasan masana halayya. Ɗaya zai shiga rigar majinyaci mai wuyar sha'ani, Miller ya yi kamar yana jinyarsa. Ba sa barinsa ya yi nisa sai su tsayar da shi. Me ya sa ka yi wannan tambaya? Cikin duk abin da ya faɗa, don me ka zaɓi maimaita wannan ka bar wancan? Tilas ta sa ya fara bayyana abin da yake yi ba tare da ya taɓa tunaninsa ba. Abin da ya fito shi ne maƙalar 1983 da ta haifi abin da ake kira Motivational Interviewing, wato hirar zaburarwa.

Gishirin hanyar ba shi da wuyar faɗa. Mai shaye-shaye zuciya biyu gare shi, ɗaya na son bari, ɗaya na son ci gaba. In ka tsaya kana jero masa dalilan bari, shi kuma sai ya kama kare ɗaya ɓangaren, kuma mutum ya fi gaskata abin da ya ji ya fito daga bakinsa. Don haka sai ka juya hirar yadda shi zai riƙa kawo dalilan. In ya ce, "Ni fa ba ɗan maye ba ne, matata ce dai ke damuna," ba za ka ce masa ƙarya yake ba. Za ka ce, "Ke nan maganar ta fara taɓa zaman gidanku." Ka yi shiru. Sau da yawa shi zai ɗora.

A 1989 a birnin Sydney na Ostareliya ya haɗu da Stephen Rollnick, ɗan asalin Afirka ta Kudu da ke aiki a Birtaniya, wanda tuni yake koyar da hanyar a can ba tare da Miller ya san ta yi wannan nisa ba. Suka fitar da littafinsu na farko a 1991. Sai kuma babban gwajin nan na Project MATCH da ya ƙunshi majinyata 1,726: zama huɗu da aka gina a kan wannan hira ya ba da sakamako kusan daidai da wasu hanyoyi biyu masu zama goma sha biyu-biyu.

A ganina, mafi darajar aikinsa shi ne abin da ya biyo baya, don a nan ne ya juya ma'auni kan kansa. Tun a tsakiyar shekarun 1980, shi da abokin aikinsa Reid Hester sun tattara binciken da ake da shi, suka ga hanyoyin da ke da hujja daban, waɗanda ake amfani da su a gidajen jinya daban. Ilimi yana mujallu, majinyaci yana shan tsawa. Maganin da kowa ya sani shi ne bita, shi ma Miller ya yi ta yawon ba da bita. A 1993 aka fara horar da masu horarwa a Albuquerque, abin da ya zama MINT daga baya, wato ƙungiyar masu koyar da hirar zaburarwa.

To amma bitar tana aiki? A 2001 ya wallafa abin da ya gano bayan ya horar da ma'aikata 22 na kwana biyu. Sun tafi suna murna, suna cewa sun iya. Da aka saurari kaset ɗin hirarsu da mutanen da suke kula da su, canjin kaɗan ne, martanin mutanen kuwa bai motsa ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, wanda ya ɗauka ya iya ba ya neman ƙarin koyo. Malamin da zai fito ya ce darasina bai kama ba, ba kullum ake samunsa ba, kuma wannan ne ya sa nake girmama mutumin.

Sai ya sake shiri. A binciken 2004 aka raba ƙwararrun ma'aikata 140 gida biyar: wasu littafi da bidiyo kawai, wasu bita kawai, wasu bita da gyara bayan an saurari kaset ɗin hirarsu, wasu bita da jagora ta waya, wasu kuma aka haɗa musu duka. Masu bita zalla sun ɗan tashi, bayan 'yan watanni suka koma gidan jiya. Waɗanda aka haɗa musu gyara da jagora su ne aka ji majinyatansu sun sauya harshe, sun fara maganar canji da bakinsu.

Wannan batu bai yi nisa da mu ba. Rahoton 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma a Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Kaduna, wasu da sasari a ƙafa. Mu ma muna da yawan bita, a raba jaka da takardar shaida a watse.

Miller ya yi ritaya a 2006, amma bugu na huɗu na littafinsu ya fito a 2023. Masu bin hanyarsa har yau da kaset suke auna ɗalibi: a naɗi hirarsa, a saurari minti ashirin, a ƙirga sau nawa ya yi tambaya, sau nawa ya mayar wa majinyaci maganarsa don nuna ya ji. Ana so na biyun ya ninka na farkon.