Kacala a dausayin Haɗeja da Nguru

Kacala, wadda wasu ke rubutawa kachala, doguwar ciyawar ruwa ce da masana tsirrai ke kira Typha domingensis. A wasu sassan ƙasar Hausa an fi saninta da shalla. Tana da dogayen ganyaye masu faɗi, tsayinta kan kai mita uku ko fiye, kuma tana fitar da kai mai ruwan ƙasa kamar zangarniyar gero. Ba daga wata nahiya aka kawo ta ba. Tun fil azal ana samunta jefi-jefi a bakin tafkuna, ana yankar ta don jinka da shinge da tabarma. Amma tun da aka sauya yadda ruwa ke tafiya a kogin Haɗeja, ta mamaye dausayin Haɗeja da Nguru, har ta zama babbar barazana ga kifi da tsuntsaye da noma da kiwo a yankin.

Dausayin da ta mamaye

Dausayin yana tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, inda kogunan Haɗeja da Jama'are suke ratsa tsofaffin tuddan rairayi, su rarrabu gida-gida, kafin su sake haɗuwa kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi. Ya shafi ƙananan hukumomi irin su Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja, Kirikasamma da Guri a Jigawa, da Nguru, Karasuwa, Bade da Jakusko a Yobe. Hausawa, Badawa, Mangawa da Fulani ne mafi yawan mazauna wurin.

Rayuwar wurin duka a kan zuwan ruwa da tafiyarsa take. Da damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, kogi kan tumbatsa ya malale fadamu. Kifi, su tarwaɗa da karfasa da bargi, su bi ruwan su hayayyafa a cikin ciyawa, manoma kuma su samu shinkafa. In ruwa ya fara janyewa, a bi lemar da wake da sauran amfani, Fulani su sauko da shanu su ci ciyawar burugu da ta roba, masunta su kwashe kifin da ya rage a tafkuna. Ƙasa guda takan ciyar da masu sana'a uku a shekara guda, kowa da lokacinsa.

A daidai wannan lokacin ne kuma tsuntsaye ke tahowa daga Turai da Asiya, gudun sanyin can, bayan sun tsallake Sahara. Sukan tarar da na gida, kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela. An ƙidaya fiye da nau'i 300 na tsuntsaye a yankin. Saboda haka ne Tafkin Nguru da magudanar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa a jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Tafkin Dagona da dausayin Baturiya, su ma a wannan yankin, sun shiga jerin a 2008, sannan a 2020 hukumar UNESCO ta ayyana yankin Haɗeja, Nguru da Bade a matsayin keɓaɓɓen muhallin halittu.

Yadda ta samu gindin zama

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Su biyun ne ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. An gina su don noman rani da kuma shayar da birnin Kano, kuma sun yi amfani ta wannan fuska. Sai dai sun juya tsarin kogin. Ambaliyar damina ta ragu, don ana tare ruwan a sama. Da rani kuma, lokacin da kogin ya saba ƙafewa ƙaf, sai ana sakin ruwa ba yankewa.

Wannan ragowar ruwan rani shi ne kacala ke so. Ba ta jure wa doguwar bushewa, ba ta kuma son ruwa mai zurfi da ƙarfin gudu. Abin da take nema shi ne ruwa kaɗan, a kwance, shekara cur. A da, watannin da kogi ke bushewa su ne ke kashe ta kafin ta yi ƙarfi, ambaliya mai ƙarfi kuma ta share magudanai. Da aka ɗauke waɗannan biyun, babu sauran abin da zai taka mata burki. Ga takin zamani da ke kwararowa daga gonakin rani yana ƙara mata ƙiba.

Hanya biyu take yaɗuwa. Kai guda na iya fitar da ƙananan iri dubbai masu gashi kamar auduga, iska ta kwashe su ta kai nesa. Ta ƙarƙashin ƙasa kuma saiwarta mai kauri tana rarrafe tana fitar da sabbin tsiro, har ta yi saƙa da ko bado ba ya samun wurin leƙowa. Daga nan sai abu ya riƙa haifar da ɗan'uwansa: kacala ta rage gudun ruwa, laka ta kwanta, kogi ya ƙara cikewa, kacala ta ƙara samun wuri.

Ɓarnar da take yi

Mafi munin ɓarnar ita ce toshe hanyoyin ruwa. Rassan kogin irin su na Kafin Hausa, tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana sun cushe da ciyawa da laka, sai ruwa ya karkata zuwa magudanar Marma da Tafkin Nguru. Aka wayi gari wasu ƙauyuka gonakinsu na cikin ruwa rani da damina, wasu kuma can ƙasa suna jiran ruwan da ba ya isowa. Ruwan Haɗeja da ke kaiwa Gashuwa ya ragu ƙwarai, kogin Yobe ya koma dogaro da Jama'are, wanda har yau ba a datse shi ba, ko da yake batun madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi ya daɗe ana ta da shi. A shekarun ruwa mai yawa, kamar 2020 da 2022, toshewar magudanai na daga cikin abubuwan da suka tsananta ambaliya a wannan sashe na Jigawa.

Ga namun daji, asarar ta wurin zama ce. Agwagin ruwa na buƙatar sarari, tsuntsaye masu kiwo a bakin gaɓa na buƙatar taɓo da ruwa ya janye ya bari, kacala kuwa tana cinye duka biyun. Masunci ba ya iya tura kwalekwale ko jefa birgi a cikinta. Burugu, abincin shanu da rani, ya ja baya, kuma duk inda makiyaya ta ƙuntata, rikicin manomi da makiyayi ba ya nisa.

Akwai dai waɗanda suka ci riba. Tsuntsun jan-baki na kwana da yin sheƙa a cikinta, daga nan ya faɗa wa gero da dawa da shinkafa, har iyalai su wuni a gona suna kora. Sauro na hayayyafa, haka ma dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya da ta ciwon hanta na dabbobi.

Ƙoƙarin farfaɗo da dausayin

Aikin kiyaye dausayin ya fara a 1987, da haɗin gwiwar ƙungiyar kare muhalli ta duniya (IUCN), ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya (RSPB) da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya (NCF). A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malale fadama ya fi kawo amfani, ta noma da kamun kifi da itace, bisa kwatankwacinsa da aka kai gonakin rani na Kano. Bincike ne da ya kamata a ce ya sauya yadda ake rabon ruwan tun tuni. A 2006 jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato, suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogunan.

A ƙauyuka kuwa aikin gayya ake yi, da lauje da adda, maza cikin ruwa har ƙirji. Dabarar da ta fi ci ita ce yanke ciyawar ƙasa da saman ruwa. Ganyen kacala ne ke kai iska zuwa saiwa, don haka in kututturen ya nutse, saiwar sai ta shaƙe ta ruɓe, musamman in an maimaita yankan. Ƙona ta da rani ba ya kashe saiwa, makonni kaɗan ta sake tohowa. Maganin feshi kuma yana da hatsari a ruwan da mutane ke sha, ake kuma kama kifi. A baya-bayan nan gwamnatin Jigawa da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are sun sa injinan yasa masu aiki a cikin ruwa don buɗe magudanai.

Ana kuma neman mayar da ita dukiya. A ƙarƙashin TRIMING, shirin inganta noman rani da Bankin Duniya ya tallafa wa, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tare da jami'o'i daga Amurka da Sifaniya sun gwada sarrafa ta zuwa iskar gas ta girki da abincin dabbobi. A kogin Senegal, inda madatsar Diama ta 1986 ta jawo irin wannan mamaya, ana yin gawayi da ita, abin da zai iya rage saran gabaruwa da goriba in an ɗauke shi a nan.

Duk da haka, yanka da yasa rage zafi ne kawai muddin ruwa na kwance a magudanai duk shekara. Abin da masu nazarin kogin suka daɗe suna ba da shawara shi ne a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Challawa da damina don kwaikwayon ambaliyar da, a rage sakin rani har wasu rassan su bushe na 'yan watanni, a kuma gina wurin raba ruwa a Likori, inda kogin ke rabuwa zuwa Marma da Burum Gana. Wahalar ita ce ruwan ranin nan shi ne birnin Kano ke sha, shi ne kuma manoman Kadawa da Auyo ke ban ruwa da shi.