Zaɓin farko a fom ɗin JAMB: su wa ke samu, ina sauran ke ƙarewa?

Da zarar sakamakon JAMB, jarrabawar neman shiga manyan makarantu, ya fito, hira ɗaya ce a majalisun Katsina, daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura: ɗan wane ya ci nawa, wace jami'a ya cike, za a ba shi ko ba za a ba shi ba. Ga tambayoyin da iyaye da ɗalibai suka fi maimaitawa, da amsoshinsu.

Malam, yawancin yara na samun makarantar da suka sa a zaɓin farko kuwa?

Idan duk waɗanda suka zauna jarrabawar ake nufi, a'a. A 2024 da 2025 masu rubuta ta sun doshi miliyan 2 kowace shekara, kuma an sha yin shekarun da waɗanda suka samu gurbi a kowace irin makaranta ba su kai rabin masu nema ba.

Amma "ya samu" ɗin ma iri-iri ne. Akwai wanda ya samu jami'ar da kwas ɗin da ya nema, wannan shi ne ɗan gata. Akwai wanda jami'ar ta ɗauke shi amma ta ba shi wani kwas, ya nemi likitanci a Zariya ya tsinci kansa a sashen nazarin tsirrai. Akwai wanda ya hango ba za ta yiwu ba, ya sauya makaranta a tsakiyar tafiya, ya bar Bayero ya dawo Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. A takarda, shi wannan na ukun, zaɓinsa na farko ya shiga, tunda ita ce a saman fom ɗinsa ranar da aka ba shi gurbin. A zuciyarsa kuwa ya san ba nan ya nufa ba.

To mene ne amfanin zaɓi na biyu da na uku da ake cikewa?

Kaɗan ne, musamman a jami'o'in gwamnati. Jami'a kamar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya ko Bayero ta Kano tana da masu nemanta a zaɓin farko fiye da abin da za ta iya ɗauka, saboda haka ba ta ko leƙa sunayen waɗanda suka sa ta a na biyu. Wanda ya sa ABU a farko, Bayero a biyu, ya ɓata layi ɗaya ne kawai. Layukan ƙasa sun fi amfani idan aka sa kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha, su ma wasu sai sun ce a mayar da su na farko kafin su ba da gurbi.

Ɗana ya ci 250 an hana shi, ɗan maƙwabcina da 190 an ba shi a jami'a ɗaya. Ba son kai ba ne wannan?

Alhaji, kafin ka yi fushi, tambayi kwas ɗin da kowannensu ya nema. Nan ne yawancin mutane ke ɓata lissafi. Yaro ba da duk masu neman jami'ar yake takara ba, da masu neman kwas ɗinsa yake yi. Tamkar tasha ce: ƙofar shiga ɗaya, amma motar wani gari ta cika har ana rige-rigen kujera, ta wani garin kuma kwandasta na ta kiran fasinja.

Kwasa-kwasan da kowa ke rububi sanannu ne: likitanci, aikin jinya, haɗa magunguna, lauya, kimiyyar kwamfuta. Wasunsu ma ba jami'a kaɗai ke yanke adadin da za a ɗauka ba. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa tana ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban likitanci gwargwadon malamanta da asibitin koyarwarta, haka majalisar kula da karatun lauya take yi wa masu koyar da shari'a. Jami'ar da ta zarce adadinta tana iya shiga matsala, ɗalibanta su maƙale. Saboda haka 250 a likitanci na iya zama ƙasan layi, 190 a sashen tarihi ko ilimin ƙasa kuma ya wadatar.

Sannan makin JAMB ba shi kaɗai ake dubawa ba. Tun 2005 jami'o'i suka fara tasu jarrabawar tantancewa, wadda ake kira Post-UTME. An hana ta a 2016, aka dawo da ita a 2017. Wasu na yin jarrabawa, wasu na tantance takardu kawai, kuma kowace jami'a da yadda take haɗa makin JAMB da nata, wasu har da darajar sakamakon WAEC ko NECO. Mai 250 da ya yi sakaci a tantancewa, mai 225 na iya wuce shi.

Ga kuma rabon gurabe. A jami'o'in tarayya ƙa'idar ita ce kashi 45 cikin ɗari na masu maki mafi yawa ne ko daga ina suka fito, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko. Yara biyu na iya neman kwas ɗaya amma kowanne a layinsa yake. Ban ce babu son kai ko kaɗan ba, ɗan Adam ne ke aikin. Amma galibin ƙorafin da ake kawowa, idan aka baje takardu, waɗannan dalilan ne ke fitowa.

Zama ɗan Jihar Katsina na taimakawa?

Yana taimakawa sosai, kuma mutanenmu ba su cika sanin darajarsa ba. Katsina na cikin jihohin da ke cin gajiyar kashi 20 ɗin nan, tana kuma cikin yankin ABU da Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, balle Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 a cikin gida. Jami'ar 'Yar'adua kuwa ta jiha ce, 'yan ƙananan hukumomi 34 na jihar ne a gabanta. Sai dai a tuna, yaran Kano da Kaduna da Jigawa su ma suna da irin wannan gatan a Zariya da Kano, kuma suna da yawa. A tabbata jihar da ƙaramar hukumar da ke kan lambar NIN sun yi daidai da takardar shaidar asali, domin saɓani a nan na jawo wahala ranar rajista.

JAMB ta ce mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, 'yata ta ci 170. Ke nan ta samu?

Ba ta samu ba tukuna, Hajiya. A 2024 an tsayar da 140 ga jami'o'i, a 2025 aka ɗaga zuwa 150, aka bar 100 ga kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. Ma'anarsa kada wata makaranta ta sauka ƙasa da haka. Kowace jami'a na da ikon ɗaga nata, kowane sashe kuma ya ɗaga nasa a kan na jami'ar. Jarrabawar maki 400 ce, kuma a waɗannan shekaru biyu kusan kashi uku cikin huɗu na ɗalibai ba su kai 200 ba. Mai 170 tana da abokan takara da yawa ƙwarai, sai ta zaɓi kwas da makaranta da idon basira.

An ba ni wani kwas ba wanda na nema ba. In karɓa ko in jira baɗi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya, kuma ba na yarda da masu amsa ta da baki ɗaya. Masu cewa "karɓi kawai, ka canza a aji biyu" suna sayar maka da abin da ba nasu ba. Sauya sashe bayan shekara ɗaya na yiwuwa a wasu jami'o'i, amma sai da sakamako mai kyau da kuma gurbi a can, kuma shiga likitanci ko lauya ta wannan hanya abu ne mai wuyar gaske, tunda adadinsu a ƙayyade yake. Kada ka karɓi kwas sai ka tambayi kanka: idan canjin bai yiwu ba, zan iya zama da wannan shekara huɗu?

Masu cewa "jira, ai kai likita ne" su ma su yi hattara. Sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki, baɗi sabon fom ne, sabon kuɗi, sabuwar takara da yaran da suka fito daga aji da ɗuminsu. Idan tazarar da ta hana ka kaɗan ce, kuma ka san abin da ya kayar da kai, sake gwadawa sau ɗaya ba laifi. Idan kuwa kana 190 kana neman abin da ake rufewa a sama da 260, ka faɗa wa kanka gaskiya. Sau da yawa ma burin ba na yaron ba ne, na Baba ne da ke son a ce da shi baban Dakta, yaron kuwa lissafi ko noma ne a ransa.

Yaushe ya dace a sauya makaranta?

Da wuri. Da zarar sakamako ya fito kuma an ga bai kai abin da sashen ya saba ɗauka ba, a je cibiyar JAMB da aka amince da ita a sauya, kafin makarantar da ake son komawa ta rufe rajistar tantancewarta. Wanda ya tsaya jiran jerin sunaye na uku a Zariya, kafin ya waiwayo sai ya tarar ƙofar gida ma ta rufe. A duba kuma darussan da aka rubuta: mai Ingilishi da Bayoloji da Kemistiri da Fizis ba zai koma injiniya ba, domin can Lissafi ake nema.

Mene ne CAPS, kuma me ya sa ake cewa yana cinye wa yara gurbi?

Tsari ne na intanet da JAMB ta fito da shi a 2017, zamanin shugabancin Farfesa Is-haq Oloyede. Makaranta ce ke gabatar da sunan ɗalibi, JAMB ta amince, ɗalibin ya shiga shafinsa ya danna karɓa ko ƙi. Ba ya cinye gurbin kowa, sakaci ne ke cinyewa. Yaro bai ɗora sakamakon WAEC ko NECO ba, sunansa ba zai shiga layi ba ko da ya ci 300. An yi masa tayin sauya kwas bai amsa ba, abin ya tsaya. An ba shi gurbi bai karɓa cikin wa'adi ba, ya wuce. Wani kuma ya bar lambar sirrinsa a hannun mai shagon intanet, aka danna masa abin da bai so ba. Layin wayar da aka yi rajista da shi a riƙe shi da kyau, kada a bari ya mutu.

Wani ya ce a kawo kuɗi zai samo mana admishan. A ba shi?

Kada a ba shi. Duk gurbin da bai bayyana a CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma wanda sunansa ba ya cikin kundinta zai gamu da cikas ranar tafiya bautar ƙasa, bayan an gama kashe kuɗin shekara huɗu.

Akwai waɗanda suka samu zaɓin farkon amma ba su je ba?

Akwai, kuma ba a cika lissafa su ba. Samun gurbi daban, iya zama daban. Kuɗin rajista ya tashi a jami'o'in tarayya da dama tun 2023, ga hayar ɗaki, ga abinci, ga kuɗin mota. Yaron da ke Katsina zai iya kwana a gida ya hau mota zuwa jami'ar 'Yar'adua da ke hanyar Dutsin-Ma, ya ci tuwon gidansu, abin da ba zai samu a Sakkwato ba. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya rage wa wasu nauyi, amma sai an zama ɗalibi ake nema.

Ga 'ya'ya mata abin ya fi yawa. Yarinya ta ci makin Zariya, a zauna a gida a ce ba za ta yi nisa ba, ko don tsoron hanya da matsalar tsaro, ko don maganar aure ta taso. Ba na ganin laifin uban da ke tsoron hanya a wannan zamani. Laifin shi ne a bar ta ta cike fom, ta yi ta karatu da buri, sai takarda ta fito a ce a'a. Wannan shawara tun kafin sayen fom ake yin ta, da Baba da Mama da ita kanta, a sa makarantar da za a yarda ta je.

Babu abin da ya fito bana. Sai zaman gida?

Ba dole ba. Akwai hanyar shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa na yin shirin IJMB, karatun share fage ne mai jarrabawa a ƙarshensa, wanda ya ci da kyau ya nemi aji biyu. Mai difloma daga Kwalejin Hassan Usman Katsina ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, da mai NCE daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Katsina ko ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, duk suna iya bin wannan hanya idan sakamakonsu ya yi kyau. Kwalejojin ilimi ma kusan kullum da sauran gurabe suke rufe shekara, don kowa ya ɗora ido a kan digiri. Mai hali yana da Jami'ar Al-Qalam, wadda ke nan tun 2005, mai sha'awar injiniyan sufuri kuma ya duba sabuwar Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura.

Gurbin aji biyu shi ma ƙayyadadde ne, kuma ba kowace difloma kowane sashe ke karɓa ba. Kafin a biya kuɗin kowane shiri, a je sashen da ake son ƙarewa a jami'ar a tambaya ko suna karɓar wannan takardar, da kuma matakin sakamakon da suke nema.