Wane "gas" ne ke ratsa lantin ido?

Tun da masu tallar kayan kwalliya a Garwa suka tsinci kalmar nan ta Faransanci, "perméable au gaz", wato "wanda gas ke ratsawa", kunnenmu bai huta ba. Ran nan a rediyo wani har da rantsuwa, wai lantin da yake sayarwa, ɗan faifan robar nan da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido maimakon tabarau, yana da 'yan ramuka masu fitar da gas ɗin ido. Wane gas, Malam? Ido tukunyar gas ɗin girki ne?

Iskar oksijin ake nufi, kuma shiga take yi. Tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, daga iska yake samun rabonsa, ta cikin hawayen da ke kwance a kansa. Tsohon lanti mai tauri, wanda ya yaɗu bayan 1948, da robar PMMA aka yi shi, wato Plexiglas. Gani tar, amma oksijin ba ta ratsa shi. Mutum ya wuni da shi, tantanin ya kumbura, da magariba ya ga kowace fitilar babur da zoben hazo. A ƙarshen shekarun 1970 aka cuɗa robar da silikon, daga baya aka ƙara fulorin, sai aka samu lanti mai tauri da oksijin ke ratsawa.

Batun ramuka shi ya fi ba ni haushi. Ƙulla kananzir a leda ka ajiye a ɗaki: bai ɗiga ba, amma wari ya cika ko'ina. Haka oksijin ke narkewa cikin jikin robar ta ɓulla ɗaya gefen. Ma'aunin wannan ratsawar ana kiransa Dk, na PMMA kusan sifiri ne. Ga sabon lantin kuma ƙarami, yana ɗan motsi duk ƙiftawa, sabon hawaye ya shiga ƙarƙashinsa.

Ni dai ina ganin ya fi lanti mai laushi amana, musamman ga wanda tantanin idonsa ya yi tsini, ko da yake ranar da ƙurar hunturu ta shiga ƙarƙashinsa sai ka yi kuka kamar an yi rasuwa.

Masu launin zuma da amare ke saya a kasuwa kuwa ba su ma cikin wannan dangi, masu laushi ne. Shi mai taurin sai likita ya auna lanƙwasar idonka, kuma ba a wanke shi da ruwan famfo, ba a kwana da shi sai in likitan ya ce.