Aikin Filetilet a Cututtukan Tayirod na Garkuwar Jiki

Filetilet su ne ƙananan ƙwayoyin jini da ke taruwa su toshe bakin rauni idan jijiya ta fashe. A ɓargo ake ƙera su, suna yawo cikin jini kwana 7 zuwa 10, sannan saifa da hanta su kwashe tsofaffin. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikurolita ta jini. Tayirod kuwa ita ce halittar nan mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban maƙogwaro, wadda idan ta kumbura ake cewa mutum ya yi maƙoƙo. Tana fitar da sinadaran T4 da T3, masu saita saurin aikin jiki. Idan garkuwar jiki ta juya ta afka wa tayirod, yawan filetilet da girmansu da ƙarfin mannewarsu sukan canza.

Cututtukan biyu

Ta farko ita ce cutar Graves, mai sunan likitan ƙasar Ayilan Robert Graves, wanda ya yi bayaninta a 1835. A nan sinadaran garkuwa suna zuga tayirod ta yi aiki fiye da kima: mutum ya rame alhali yana ci, zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, gumi ba ya tsayawa, wani ma idanunsa su firfito. Ta biyu ita ce cutar Hashimoto, wadda likitan Japan Hakaru Hashimoto ya siffanta a 1912. Ita garkuwar cinye tayirod take yi a hankali har sinadarin ya yi ƙasa, sai kasala, jin sanyi, ƙiba da bushewar fata su biyo baya. Duka biyun sun fi kama mata nesa ba kusa ba. Kada a haɗa su da maƙoƙon ƙarancin aidin, wanda dominsa Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993. Wancan abinci ne silarsa.

Idan sinadarin ya yi yawa

Abu biyu ne ke faruwa ga mai Graves, kuma kamar suna karo da juna. Adadin filetilet yakan ɗan ragu, domin saifa da sauran masu sharar jini sun ƙara himma, suna kwashe ƙwayoyin tun kafin kwanansu ya ƙare. Ɓargo yakan rama da sababbi, su kuwa sababbin sun fi girma kuma sun fi saurin mannewa. Shi ya sa ake yawan ganin ma'aunin matsakaicin girmansu, wato MPV, ya hau a takardar gwaji.

A lokaci guda kuma jinin yana ƙara karkata ga daskarewa. Sinadarin von Willebrand, wanda shi ne gam ɗin da ke liƙa filetilet a bangon jijiyar da ta ji rauni, yana ƙaruwa, haka ma wasu sinadaran daskarar da jini, wato fibirinojin da sinadarin daskarewa na takwas. Ke nan ƙwayoyin sun ragu a lissafi amma haɗarin gudan jini ya ƙaru. Idan aka haɗa da rikicewar bugun zuciya da cutar ke jawowa, musamman ga dattawa, gudan yana iya tafiya ƙwaƙwalwa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki.

Akwai kuma wata hanyar da ba ruwanta da yawan sinadarin tayirod. Garkuwar da ta ruɗe a kan tayirod tana iya ruɗewa a kan filetilet ɗin kansu, ta yi musu tambari saifa ta hallaka su. Wannan ita ce cutar ITP, ana kiran sunanta idan adadin ya sauka ƙasa da 100,000 babu wani dalili na daban. Tana haɗuwa da Graves, tana haɗuwa da Hashimoto. Bambancin yana da amfani a wurin magani: raguwar da yawan sinadari ya jawo takan gyaru da zarar tayirod ta lafa, ita kuwa ITP sau da yawa sai an yi mata nata maganin.

Idan sinadarin ya yi ƙasa

A Hashimoto da ta yi nisa, adadin filetilet yakan zauna daidai, gam ɗin nan na von Willebrand ne ke ƙaranci. Sakamakonsa haɓo, jinin dasashi, taruwar jini ƙarƙashin fata daga ɗan bugu, da jinin al'ada mai yawa. Yawanci zubar ba ta da tsanani, sai dai takan fito fili ranar cire haƙori, haihuwa ko tiyata. Ƙwayar lebotairoksin, wadda ke maye gurbin T4, tana maido da lamarin daidai cikin 'yan watanni.

A Sakkwato

Abin da ke wahalar da ganewa a nan shi ne kowace alama tana da wanda aka saba ɗora wa laifi. Zazzaɓin cizon sauro yana rage filetilet ƙwarai, don haka da damina duk takardar da ta nuna raguwa shi ake fara zargi, kuma galibi an yi daidai. Haɓo a ce hunturu ne. Gumi da rashin jure zafi kuwa, wa zai kula da su a watan Afrilu, lokacin da zafin garin ke wuce digiri 40? Abin da ya kamata ya ja hankali shi ne adadin da ya ƙi tashi bayan an gama maganin zazzaɓin, musamman ga mace mai kumburin wuya ko bugun zuciya. Gwajin T4 da TSH, wato sinadarin da ke umartar tayirod ta yi aiki, shi ke raba gardama, kuma asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne ake tura masu irin wannan larura. Mai ƙarancin filetilet ya dakata da ƙaho da sauran aikin wanzami har likita ya duba shi.

MPV dai ma'auni ne mai saurin yaudara. Filetilet suna kumbura a kwalbar gwaji idan jinin ya daɗe a ajiye, sa'annan shan taba, ciwon suga da hawan jini duk suna ɗaga shi. Ba a gane cutar tayirod da shi. Wani lokaci ma ƙwayoyin cukurkuɗewa suke yi a kwalbar, na'ura ta ƙirga su kaɗan alhali lafiya lau suke; duba jinin a madubin likita ke tona wannan.

Magunguna

Kabimazol da ake ba masu Graves ya fi shahara da karya fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa ake gargaɗin mai shansa ya garzaya asibiti idan ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Jefi-jefi yana taɓa filetilet ma. Wafarin, maganin hana daskarewar jini, yana ƙara ƙarfi a jikin wanda tayirod ɗinsa ta yi yawa, yana raguwa idan ta yi ƙasa, don haka ana sake auna adadin da ake sha duk lokacin da aka canza maganin tayirod. Asfirin, wanda ake saye a kemis ba takarda, yana kashe mannewar filetilet har ƙarshen rayuwarsu, kusan kwana 10, abin da ke ƙara zubar jini ga mai ITP ko Hashimoto da ba a fara yi wa magani ba.