Komawa karatun MBA bayan an daɗe da barin aji: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sayar da fom ɗin manyan digirori, ciki har da MBA (digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci), tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa daga ma'aikatan banki da na gwamnati da 'yan kasuwa waɗanda suka daɗe rabonsu da aji. Na tattara amsoshin a nan domin duk wanda ya sake tambaya a tura masa wannan rubutu.

Ka nemi takardar cikakken sakamakonka daga tsohuwar makarantarka?

Ba wanda yake yi mini wannan tambaya, shi ya sa na yi muku ita da kaina. Sabuwar jami'ar ba za ta gamsu da takardar shaidar digiri kaɗai ba, sai tsohuwar makarantarka ta aika mata da sakamakon kowane kwas da ka ɗauka, kuma idan ka kammala shekara 15 da suka wuce, mai yiwuwa fayil ɗinka yana cikin wata kabad ne, sai an sa mutum ya kakkaɓe ƙura ya nemo shi. Wannan yakan ci watanni. Haka kuma ka jera takardunka a kan tabarma ka duba sunanka a kowace ɗaya, domin Muhammad a takardar WAEC da Mohammed a ta digiri ya isa ya tsayar da rajista har sai ka kawo takardar rantsuwa daga kotu. Ka nemo takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa tun yanzu, kada ka bari sai saura mako ɗaya a rufe karɓar fom sannan ka zo kana ta da hankalin mutane.

Na haura shekara 40, ban yi girma da komawa makaranta ba?

Ba ka yi ba. An tsara MBA ne domin mutanen da suka riga suka yi aiki, kuma idan aka zo tattauna yadda ake karɓo bashi ko sallamar ma'aikaci, wanda ya gama bautar ƙasa bara shi zai saurare ka.

Ba kasuwanci na karanta a digirin farko ba.

Wannan ba ya hana ka. Injiniyoyi da likitoci da lauyoyi suna yi.

HND gare ni, ko digiri mai daraja ta uku.

A mafi yawan jami'o'in Nijeriya sai ka fara yin babbar difloma a fannin gudanarwa, wadda takan ɗauki kamar shekara ɗaya. Ka karanta sanarwar jami'ar da kake so da idonka, ka daina dogara da abin da aka ce an ce a WhatsApp.

In ajiye aiki in fuskanci karatun, ko in haɗa su biyun?

Wannan ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya yanke maka hukunci bai tambaye ka irin aikinka da yawan bakin da kake ciyarwa ba, to, da wasa ya ɗauke ka. Idan ma'aikacin gwamnati ne kai, akwai hutun ƙaro ilimi, da albashi ko ba albashi, kuma wanda ake biya yakan zo da sharaɗin ka dawo ka yi wa ma'aikatar aiki na wani lokaci. Ko da na ƙarshen mako za ka yi, ka nemi amincewar ofis a rubuce kafin ka yi rajista, domin ana iya ƙin karɓar takardar a lokacin ƙarin girma idan ba a san da karatun ba. Ma'aikacin banki matsalarsa daban ce: rufe lissafin ƙarshen wata ba ya jiran jarrabawa, kuma ana iya ɗaga shi daga reshen Kano zuwa na Gombe a tsakiyar zango. Ɗan kasuwar Kantin Kwari kuwa ba mai hana shi tafiya aji, sai dai ya fara tunanin wanda zai bar wa shago da aljihun tebur.

Ga yawancin masu iyali na fi karkata ga haɗawa, musamman da yake akwai Makarantar Kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero, da karatun nesa na Jami'ar Ahmadu Bello, da jami'ar karatu daga gida ta NOUN. Amma ina faɗin haka da taka-tsantsan, domin haɗawar tana da tsada irin tata. Asabar ɗinka ta tafi, za ka rasa ɗaurin aure da yawa, kuma 'yan uwa za su yi ƙorafi. Karatun intanet yana buƙatar wuta da data da kuma mutum mai iya tilasta wa kansa zama bayan sallar isha'i alhali ya gaji. Mace mai ƙananan yara ta zauna da maigida su tsara wanda zai riƙe su a ranakun lacca tun kafin a biya kuɗin makaranta. Sannan a jami'ar gwamnati ka bar sarari a lissafinka, tunda yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka.

Ajiye aiki gaba ɗaya ya fi dacewa da mai son sauya fanni, ko mai tafiya waje, inda karatun yakan ɗauki shekara ɗaya a Ingila, biyu a Amurka. Ko shi ma, in ba tallafin karatu ya samu ba, ya tuna yadda naira ta faɗi tun watan Yunin 2023, ya yi lissafinsa da dala ko fam, kuma ya ware abin da gida zai ci har ya dawo ya sami wani aikin.

Dole ne in rubuta GMAT?

GMAT jarrabawar shiga makarantun kasuwanci ce, kuma idan waje za ka, galibi ana neman ta ko takwararta GRE. Sabon tsarin GMAT awa biyu da minti 15 ne, sassa uku, makin daga 205 zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki shekara biyar. Na IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, shekara biyu kacal yake yi, saboda haka kada ka yi gaggawar rubuta ta. Yawancin jami'o'in gida ba sa neman GMAT.

Na manta lissafi gaba ɗaya.

Kwantar da hankalinka, ba lissafin injiniyoyi ba ne. Ka sayi littafin lissafin babbar sakandare ka maimaita kaso cikin ɗari da jadawali da ƙididdiga, ka koyi Excel sosai, kuma ka saba wa kanka karanta shafi 20 na Turanci a zama ɗaya, domin yawan karatun ya fi kayar da mutane a kan lissafin.

Malaman da suka san ni sun yi ritaya, wa zai rubuta mini takardar shaida?

Shugabanka na wurin aiki, wanda ya ga aikinka da idonsa. Idan an dage sai malami, ka je sashenku da takardunka ka gaishe da shugaban sashe ka gabatar da kanka. Kada ka kawo ta ɗan majalisar da bai taɓa ganinka ba.