Richard Doll: rubuce-rubucensa na ilimi da tasirinsu

Sir William Richard Shaboe Doll (28 ga Oktoba 1912 zuwa 24 ga Yuli 2005) likita ne ɗan Ingila, masanin bin diddigin cututtuka a cikin al'umma. An fi saninsa da jerin maƙalun da suka tabbatar da cewa shan taba sigari na haddasa ciwon dajin huhu. Ana ƙiyasta cewa ya wallafa maƙalu sama da 500, kuma ya ci gaba da rubutu har ya haura shekara 90.

Asali da shigarsa bincike

An haife shi a Hampton, kusa da Landan, kuma mahaifinsa likita ne. Lissafi ya so karantawa tun farko, hakan bai yiwu ba, sai ya shiga makarantar likitanci ta asibitin St Thomas, ya kammala a 1937. Ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi ya yi bincike kan gyambon ciki tare da Francis Avery Jones a asibitin Central Middlesex. A 1948 ya koma sashen ƙididdiga na Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya, ƙarƙashin Austin Bradford Hill, wanda a wurinsa ya ƙware a aikin.

Maƙalar 1950

A wancan lokaci mace-macen ciwon dajin huhu sai ƙaruwa suke a Birtaniya, ba a san dalili ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na manyan maza suna shan taba, don haka ba kowa ke kallonta a matsayin abin zargi ba. Shi kansa Doll ya faɗa daga baya cewa kwaltar tituna da hayaƙin motoci ya fi zargi, kuma yana shan tabarsa a lokacin.

Tsarin binciken ba shi da sarƙaƙiya. An bi asibitoci 20 na Landan ana yi wa majinyata tambayoyi a bakin gado: ina suka zauna, wane aiki suka yi, suna shan taba ko a'a, kara nawa a rana, tun yaushe. Aka haɗa masu ciwon dajin huhu 709, maza 649 da mata 60, aka kwatanta su da wasu majinyata 709 masu wasu cututtukan. Cikin maza 649 masu ciwon, mutum 2 kacal ba su taɓa shan taba ba, alhali a ɗaya rukunin mutum 27 ne. Haɗarin kuma yana hawa gwargwadon yawan karan da mutum ke zuƙa. Tun kafin a kammala aikin Doll ya ajiye taba.

Maƙalar ta fito a mujallar British Medical Journal ranar 30 ga Satumba 1950. Ba ita ce ta farko ba: Ernst Wynder da Evarts Graham sun riga su da wata huɗu a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, a watan Mayu. A Jamus ma Franz Hermann Müller a 1939, da Eberhard Schairer da Erich Schöniger a 1943, sun yi bincike makamancin wannan. A 1952 Doll da Hill suka fitar da faɗaɗɗen rahoto mai majinyata 1,465, wanda ya haɗa da Bristol, Cambridge, Leeds da Newcastle, don amsa masu cewa ko iskar Landan ce matsalar.

Binciken likitocin Birtaniya

Masu suka sun ce mara lafiya kan iya ƙara gishiri ko ya manta idan aka tambaye shi abin da ya wuce. Maganin wannan shi ne a tambayi mutane tun suna lafiya, sannan a jira a ga abin da zai same su. Doll da Hill suka zaɓi likitoci, saboda sunayensu na cikin rajista, ba za su ɓace ba, kuma idan ɗaya ya rasu labari zai zo. A watan Oktoba 1951 aka aika wa likitoci kusan 60,000 gajeruwar takardar tambayoyi. Sama da 40,000 suka amsa yadda za a iya amfani da amsar. Maza 34,439 daga cikinsu su ne aka bi har ƙarshe.

Rahoton farko ya fito ranar 26 ga Yuni 1954. A cikin ƙasa da shekara uku likitoci 36 sun mutu da ciwon dajin huhu, babu ko ɗaya a cikinsu da ba ya shan taba. Rahoto na biyu ya biyo baya a 1956, sai na shekara goma a 1964, na shekara ashirin a 1976, wanda Richard Peto ya shigo a matsayin abokin rubutu, na shekara arba'in a 1994, sannan na shekara hamsin a 2004, tare da Peto, Jillian Boreham da Isabelle Sutherland. Wannan na ƙarshe ya fito a mujalla ɗaya, a rana ɗaya ta wata, shekara 50 cif bayan na farko, Doll yana da shekara 91. Da wuya a sami wani mai bincike da ya buɗe aiki irin wannan kuma ya rayu ya rufe shi da hannunsa.

Rahoton 2004 ya nuna cewa mai shan sigari tsawon rayuwarsa kan mutu kimanin shekara 10 kafin wanda ba ya sha, kuma taba ce ke kashe aƙalla rabin waɗanda suka ɗore a kanta. Ya kuma kawo alƙaluman da ma'aikatan lafiya suka fi maimaita wa mutane: wanda ya daina yana ɗan shekara 60 ya ribaci kimanin shekara 3, mai 50 ya ribaci 6, mai 40 ya ribaci 9, mai 30 kuwa kusan 10. Wani abin lura shi ne likitocin da ake binciken a kansu su ne masu karanta mujallar, suka ga alƙaluman abokan aikinsu, da yawa suka daina sha. Dainawar tasu ce ta ba da damar auna amfanin dainawa.

Sauran ayyuka

A 1954 shi da Peter Armitage suka wallafa lissafin da ke bayyana cewa ciwon daji na tasowa ne mataki-mataki, ta sauye-sauye da dama a jere cikin ƙwayar halitta, shi ya sa yake yawaita da tsufa. Har yau ana kiran wannan lissafi da sunayensu. A 1955 ya nuna cewa ma'aikatan wata masana'antar asbestos (ma'adini mai zare-zare da ba ya cin wuta) a garin Rochdale na Ingila da suka daɗe a aikin suna mutuwa da ciwon dajin huhu kusan ninki goma na abin da ake tsammani. A 1957 shi da William Court Brown suka nuna alaƙar haska jiki da hasken X-ray da ciwon dajin jini, a 1968 kuma shi da Martin Vessey suka yi rubutu kan ƙwayar hana ɗaukar ciki da daskarewar jini a jijiya. Yana cikin editocin kundin farko na ƙididdigar ciwon daji a nahiyoyi biyar, a 1966.

A 1981 shi da Peto suka rubuta dogon rahoto kan musabbabin ciwon daji a Amurka, bisa buƙatar wani ofishi na majalisar dokokin ƙasar, aka buga shi a mujallar Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa. Sun ɗora kimanin kashi 30 cikin 100 na mace-macen a kan taba, 35 a kan abinci, 4 a kan sana'a, 2 a kan gurɓacewar muhalli.

Yawan ambato da abin da yake nunawa

A duniyar ilimi ana auna tasirin maƙala da yawan lokutan da wasu masu bincike suka kafa hujja da ita. Ta wannan ma'auni rahoton 1981 da na 2004 suna cikin ayyukan Doll da aka fi ambata, kowanne sau dubbai. Adadin na bambanta daga rumbu zuwa rumbu, domin Google Scholar na ƙirga littattafai da kundayen ɗalibai, Web of Science da Scopus kuwa sun fi tsayawa kan zaɓaɓɓun mujallu.

Sai dai ma'aunin bai yi wa tsoffin maƙalunsa adalci ba. Kundin ƙirga ambato na kimiyya da Eugene Garfield ya kafa ya fara fitowa ne a 1964, bayan maƙalun 1950, 1952, 1954 da 1956 sun gama babban aikinsu. Ma'aunin h na Jorge Hirsch, wanda ke haɗa yawan maƙalun mai bincike da yawan ambatonsu, ya zo ne a 2005, shekarar da Doll ya rasu. Sannan idan magana ta zama sananniya ga kowa, masu rubutu kan daina jingina ta ga wanda ya fara faɗa. Ba wanda ke kawo madogara yau don ya ce taba na jawo ciwon daji. Binciken Jamusawa na 1943 ya nuna ɗaya fuskar matsalar: ya riga na Ingila da shekara bakwai, amma da yake da Jamusanci aka rubuta shi, a zamanin Nazi, kusan ba a ambace shi ba sai da aka buga fassararsa ta Turanci a 2001.

Yawan ambato kuma ba ya nufin an karanta da kyau. An sha ɗauko kashi 35 na abinci daga rahoton 1981 kamar tabbatacciyar magana, alhali marubutan sun rubuta cewa adadin na iya faɗawa ko'ina tsakanin 10 da 70. Na taba ne suka fi tsayawa a kai, tsakanin 25 da 40. A 2015 William Blot da Robert Tarone suka sake duba ƙiyasin, suka ga galibinsa na nan daram.

Inda tasirin ya fi fitowa fili shi ne a takardun hukuma. Rahoton Kwalejin Likitoci ta Landan na 1962 da na Babban Likitan Amurka na 1964 duk sun dogara da binciken likitocin Birtaniya, tare da na Cuyler Hammond da Daniel Horn a Amurka. Daga nan aka hana tallan sigari a talabijin a Birtaniya a 1965.

Taƙaddama

Masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya yi jayayya a ƙarshen shekarun 1950 cewa wataƙila gado ne ke sa mutum son taba kuma ya sa shi kamuwa da ciwon. Bincike bai goyi bayansa ba.

A 2006, bayan rasuwar Doll, aka bayyana daga takardunsa cewa ya yi shekaru yana karɓar kuɗin ba da shawara daga kamfanin sinadarai na Monsanto, har dala 1,500 a rana a shekarun 1980, kuma bai faɗi hakan ba a nazarinsa na 1988 kan haɗarin sinadarin vinyl chloride, wanda ake yin roba da shi. Masu suka sun ce ya rage girman haɗarin sana'a da muhalli. Abokan aikinsa sun ce a lokacin babu ƙa'idar bayyana irin wannan, kuma kuɗin ya tafi ga kwalejinsa ta Green a Oxford.

Muƙamai da lambobin yabo

Ya zama mamban Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, a 1966, babban farfesan likitanci a Oxford daga 1969 zuwa 1979, sannan shugaban farko na kwalejin Green. An ba shi muƙamin Sir a 1971, lambar Shaw a 2004, da lambar Sarki Faisal ta likitanci a 2005 tare da Peto. Ginin da ke ɗauke da sashen gwaje-gwajen magani da bin diddigin cututtuka a Oxford yana amsa sunansa.